Rogon Batsari da Tarihin Ruma Suna Jiran Alƙalami

Duk wanda ya nazarci littafin marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan tarihin Katsina, wanda aka buga a Zariya a 1981, zai shaida cewa ruwayar dattawa, idan ta sami malami mai tahƙiƙi, hujja ce da ba ta gaza takardun Turawa ba. Amma littafin da Ingilishi yake, ga shi ya tsaya a 1883. Wani Bature mai suna Barth ya ratsa ta garin Zakka a 1853 ya rubuta abin da ya gani, alhali jarumtakar Ɗanwaire na Ruma, da zaman makiyaya a dajin Rugu, galibinsu a ƙirazan tsofaffi suke, waɗanda fitinar ’yan bindiga ta raba da ƙauyukansu. Abin da ya fi sosa mini rai kuwa shi ne girki, domin masana sun raina shi. Rogon Batsari ya yi suna a ƙasar Katsina, to, wa ya taɓa zama gaban tukunya ya rubuta yadda ake ɓare shi, a dafa har ya tsage, a barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, ko yadda matar Bafillace a Runka take dama fura a ƙwarya? A ra’ayina wajibi ne Hukumar Tarihi da Al’adu ta Jihar Katsina ta aiki ɗalibai su ɗauki ruwayoyin nan daga bakin masu su, mata kafin maza, a buga da Hausa, boko da ajami.