Jama'ar Romi, A Kai Musu Maganinsu!

Jama'ar Unguwar Romi, da makwabtanmu na Sabon Tasha da Television da Gonin Gora! Idan aka kama ɗan wani gida a cikinmu, abin da ake fara nema shi ne kuɗin beli, sai lauya, sai kular abinci. Da wuya ka ji an ce, "Shin yana da maganin da yake sha kullum?" Ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau kuwa, wannan tambayar ce ke riƙe da ransa.

Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, ana kuma ba da ita kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda ya riƙe ta ba fashi, ƙwayar cutar takan kwanta har gwaji ya kasa ganinta a jininsa, ba ya kuma sa wa matarsa. Amma da an daina, cikin 'yan makonni sai ta farfaɗo. A sha yau a bari gobe kuwa ya fi muni, domin da haka ne take koyon bijire wa maganin. To mutumin da aka ɗauke daga bakin titi, ya yi kwanaki a bayan kanta, kotu ta tura shi gidan yarin Kaduna da ke kan titin Independence ya jira shari'a, ina kwalbarsa? Tana gida a ƙarƙashin katifa, an ɓare takardar jikinta don kada baƙo ya karanta. Matarsa ta sani, amma tana tsoron bakin unguwa. Ko ta yi ƙarfin hali ta juye ƙwayoyin a leda ta kai, gandiroban da ke bakin ƙofa yana da hujjar ƙin karɓa: wa zai shigar da ƙwaya marar suna cikin kurkuku? Shi kuma na ciki ya yi gum, don a ɗakin da ake kwana kafaɗa da kafaɗa ba a ɓoye komai, yana gudun a ware masa kwano.

Kada wani ya ce ai su kaɗan ne. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar. Wanda hukumar yaƙi da ƙanjamau ta ƙasa, NACA, da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka suka yi a gidajen yari ya sami kashi 2.8, wato ninki biyu, a ɓangaren mata kuwa kusan kashi 7. Ga cunkoso a gini irin na Kaduna da Turawa suka kafa tun 1915, ga tarin tibi, wanda shi ne ya fi kashe masu ƙanjamau a duniya. Kuɗin ciyar da ɗaurarre, ko bayan ƙarin da aka yi a 2024, naira 1,125 ne a rana. Ku je kasuwar Sabo da wannan kuɗin ku ga abin da za ku dawo da shi.

Na san me wasu za su ce: wanda ya shuka, shi zai girba. To, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Wanda ma aka yanke wa, alƙali shekaru ya ɗiba masa, bai ce a hana shi magani ba. Kotu ta riga ta faɗi haka. Wasu mutum huɗu masu ɗauke da cutar, da ke jiran shari'a a Fatakwal, sun kai gwamnati ƙara, a 2004 Babbar Kotun Tarayya ta ce barinsu ba kulawa tauye haƙƙi ne, ta ba da umarnin a kai su asibiti. Dokar 2014 ta haramta nuna wa mai ƙanjamau wariya. Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce lafiyar ɗaurarre nauyin hukuma ce, kuma kada a katse masa magani. A 2019 har sunan gidan yari aka sauya, aka ce gidan gyaran hali. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Masu zuwa su tsaya a kanta ne babu.

Don haka, iyaye da matan aure, ranar da aka kama naku, ku ɗauki kwalbar da takardarta, ku haɗa da katin asibiti, ku nemi ganin ma'aikacin lafiya na gidan yarin, ku faɗa masa shi kaɗai. Ku koma asibitin da yake karɓa, ko Gwamna Awan ne a Kakuri ko Barau Dikko, ku sanar da su inda yake. Ku gaya wa lauya ya ambata a gaban alƙali. Rashin lafiya na cikin abin da kotu ke dubawa wajen beli. In an hana, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana da ofis a Kaduna, haka ma KADSACA, hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha. Ku rubuta koke, ku riƙe kwafi.

Zumuntar Mata, da fastoci da limamai, ku da kuke kai ziyara lokacin Kirsimeti da azumi: sabulu da wa'azi sun yi, Allah ya saka. Amma ku riƙa wucewa ɗakin shan magani, ku tambayi mai kula da shi me ya ƙare. Ku kai gyaɗa da wake da garin kunu, domin jikin da ke fama da yunwa ba ya murmurewa. Ga sansanin fursunoni na Kakuri da gidan horon yara na Barnawa a wannan tsallaken namu, ba sai kun haye gada ba.

'Yan majalisarmu na Chikun kuma, gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi hannu a harkar gidajen yari, saboda haka zancen "aikin tarayya ne" ya ƙare. Mu tambaye su nawa aka ware a kasafin jiha don lafiyar waɗanda kotunan jiha suka tura can.

Ranar saki ma a kula. Mutum ya fito da ƙwayar 'yan kwanaki a aljihu, ba takardar komawa asibiti, ba kuɗin mota, ya shige ɗaki don kunya. Kafin a yi girkin barka da arziki, wani ɗan'uwa ya ɗora shi a Keke Napep ya kai shi asibiti a sabunta masa kati, a kuma gwada matarsa. Masu unguwanni, ku sa wannan magana a taronku na gaba, ku fitar da mutum biyu, mace da namiji, masu riƙe sirri, waɗanda iyalin da aka kama wa mutum za su iya ƙwanƙwasa wa ƙofa ko da tsakar dare.