Wa ya ce na'ura ba ta iya jazz?

Wani marubuci ya ce duk kundin da ya haɗa jazz da kiɗan rawa na na'ura gurɓataccen jazz ne, tunda na'ura ba ta ji kuma ba ta ƙago sauti nan take.

To wa ke sarrafa na'urar? A 2018 Jeff Mills na Detroit ya fitar da Tomorrow Comes the Harvest tare da Tony Allen, wanda ya yi wa Fela Kuti kiɗan ganga shekara da shekaru. Da yatsunsa Mills ke taɓa na'urar TR-909, yana bin Allen duk inda ya karkata. Me ake kiran wannan in ba ƙagowa ba? Kamfanin Blue Note, gidan jazz tun 1939, shi ya buga aikin.

Shin marubucin ya saurari Programmed na Carl Craig, na 1999, inda Francisco Mora, tsohon makaɗin Sun Ra, ya riƙe ganguna? Ko Two Pages na 4hero, da muryar Ursula Rucker?

Gaskiya akwai kiɗan otel marar gishiri da ake laƙaba wa sunan jazz. Da shi marubucin ya yi hukunci, waɗannan kundaye kuwa ko ambatonsu bai yi ba.