Dodon Scooby-Doo: dariyar yara daban, ta manya daban

Ranar Asabar da ta wuce na zauna da yaran gidanmu suna kallon Scooby-Doo, katun ɗin nan na matasa huɗu da karensu matsoraci, masu yawo a mota suna binciken dodanni. Da aka ambaci sunan wani farfesa, H.P. Hatecraft, sai dariya ta ƙwace mini. Autarmu ta juyo ta ce, "Baba, me aka yi? Ai ba a faɗi abin dariya ba." Gaskiyarta. Wannan barkwancin ba ita aka yi wa ba.

Shirin da muke kallo shi ne Mystery Incorporated, wanda tashar Cartoon Network ta nuna daga 2010 zuwa 2013, kashi 52. A kashin da ake kira The Shrieking Madness, wani dodo mai suna Char Gar Gothakon, mai wasu abubuwa kamar macizai suna reto a fuskarsa, ya addabi wata jami'a. Yaro dodo kawai ya gani. Babban da ya san adabin Amurka kuwa ya san ana tsokanar H.P. Lovecraft ne, marubucin labaran ban tsoro da ya rayu daga 1890 zuwa 1937, dodon kuma kwaikwayo ne na Cthulhu, halittar da ya ƙirƙira a labarinsa na 1928. Da aka cire wa dodon fuskar roba, sai ga ɗalibin farfesan, Howard E. Roberts: sunan Robert E. Howard ne aka juya, abokin Lovecraft da ya rubuta labaran Conan. Har marubuci Harlan Ellison ya fito a ciki da sunansa da muryarsa.

Mun san irin wannan wasa. A tashe, yaro kan sa gemun auduga ya yi tafiyar tsoho, kuma wanda ya san tsohon da ake kwaikwaya shi ya fi kowa dariya. Bambancin shi ne, a tashe mun san wanda ake yi da shi. A nan yaranmu suna haddace sunaye ba tare da sanin masu su ba, mu iyaye ma galibi haka.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne yaro ba ya dawwama yaro. Wata rana zai rubuta Hatecraft a waya, intanet ta kai shi ga Lovecraft, mutumin da ƙyamarsa ga baƙar fata da baƙin haure take ɓaro-ɓaro a wasiƙunsa da wasu labaransa. Lambar yabo ta World Fantasy ta daɗe tana ba marubuta gunkin kansa. Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya 'yar asalin Najeriya, ta ci lambar a 2011, ta kuma fito fili ta ce ajiye siffar wannan mutum a gidanta ya dame ta. A 2015 aka sanar da daina amfani da gunkin. Katun ɗin ya sa kalmar Turanci mai nufin ƙiyayya a sunan farfesan, amma bai yi wa yaro bayanin komai ba. Wannan aiki namu ne.

Akwai abu na biyu. Tun da Joe Ruby da Ken Spears suka ƙirƙiro Scooby-Doo wa kamfanin Hanna-Barbera a 1969, darasinsa galibi ɗaya ne: a ƙarshe dodon mutum ne cikin shiga, yana tsorata jama'a don kuɗi ko fili ko ramuwa. Ni kam ina son wannan darasi, domin ko a unguwanninmu ba a rasa masu cin abinci da tsoron mutane. Amma Mystery Incorporated ya sauya hanya a zangonsa na biyu. Ya kawo muguwar halitta ta gaske a ƙarƙashin garin Crystal Cove, da zancen Nibiru da Anunnaki, da jan ɗakin mafarki da aka aro daga Twin Peaks, shirin manya na 1990. Uban da ya kalli tsohon Scooby-Doo yana yaro, ya ɗauka wannan ma shi ne, ya yi kuskure.

Ba na cikin masu cewa a kashe talabijin. Hani ba bayani sai ya ƙara wa yaro kwaɗayi, ga waya kuma a hannun abokinsa. Ra'ayina shi ne kada mu mai da katun mai reno don kawai zane ne. Masu rubuta shi manya ne, kuma rabin maganarsu da manya suke yi. A zauna a kalli kashi ɗaya ko biyu tare da yara. In suna ya wuce wanda ba a gane ba, a bincika. A tambayi yaro: wa ya sa fuskar dodo, kuma me yake nema?

Autarmu dai na faɗa mata ko wane ne Lovecraft, daidai hankalinta. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To Baba, Asabar mai zuwa ma ka zauna." Na ce in Allah ya kai mu.