Mawaƙanmu sun iya gode wa mai kuɗi, sun manta da wanda ya koya musu



Kwanan baya na je wani biki a wani gari kusa da Dogarawa. An ɗauko wani yaro mawaƙi, mai murya ƙwarai, irin waɗanda waƙarsu ke yawo cikin salula daga tasha zuwa tasha. Ya fi awa guda yana waƙa. Ya gode wa Alhaji wane da ya liƙa masa jaka goma, ya gode wa Hajiya wance, har mai motar da ya kawo shi sai da ya samu rabonsa. Can bayan taro kuwa ga wani tsoho zaune bisa tabarma da kalangu a hammata. Duk garin an san a gidansa yaron nan ya tashi, shi ya koya masa yadda ake ɗora murya kan kiɗa. Har aka watse ban ji sunansa ba ko sau ɗaya. Tsohon bai ce komai ba, ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Tun ranar abin yake cina. Godiya ba ta ƙare ba a bakin masu fasaharmu, amma ta koma ta wanda ya sa hannu aljihu yanzu-yanzu. Wannan kuwa roƙo ne, kuma roƙo sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi, ba na zagin ta. Sai dai godiya daban take: ita ana yin ta ne ga wanda ya riga ya ba ka, ko da gobe ba ya da abin ƙara maka.

Mu dubi na da. Makaɗin gargajiya ba ya shiga waƙa kai tsaye. Zai fara da Allah da Manzonsa, ya ambaci iyaye da maigidan da ya yi wa amshi shekara da shekaru. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, duk girman sunansa yakan kira makaɗansa cikin waƙa, har masu saurare suka san su. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa, yau ba a tuna ɗaya sai an tuna ɗayan. A nan gida ma, gasar waƙa ta Ɗan Gurmu da ake yi a Nijar sunan makaɗin Tawa ta ɗauka, haka cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai ke ɗauke da sunan Alhaji Taya. Ƙasa ta ga ya dace ta tuna da su. To mu da muka sha a hannun ƙananan malamai na unguwa fa?

Wani zai ce, to suna kawai, me zai ƙara wa tsoho? Zai ƙara masa da yawa. In yaro ya ce "wane ne ya koya mini", gobe mai biki zai nemi wanen, wani uba zai kai masa ɗansa koyo, gidan rediyo zai je ya ɗauki hirarsa tun yana da rai. In aka yi shiru kuwa, tsohon zai mutu da kiɗan noma, da na kokowa, da take-taken mahauta da maƙera duk a cikinsa. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, wa ya taɓa ganin fili ya yi armashi babu makaɗa? Amma yara nawa ne yau ke zaune gaban waɗannan makaɗa suna koyo? Ba za su zauna ba, tun da sun ga wanda ya koya ma bai ɗauki malamin a bakin komai ba.

Ku dubi albasar Galmi. Tana zuwa Abijan, tana zuwa Akara, amma ko ina ta sauka da sunan garinta ake sayen ta, kuma sunan ne ke ƙara mata daraja. Mai fasaha da ya ɓoye inda ya fito kansa ya rage wa kuɗi.

Kuma ba mawaƙa kaɗai ba. Telan da ya buɗe shago a kasuwar Ƙonni, mai ɗaukar hoto, mai lalle, mai wasan kwaikwayo a Facebook da TikTok, kowa akwai wanda ya ara masa keke ko kyamara ranar da ba shi da ko dala.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu saurare, don laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Mu ma mun mai da "mun gode" hanyar cin haƙƙi. A kira yaro daga Badagishiri ya kwana yana kiɗa, da safe a ce masa "Allah shi yi albarka", ko kuɗin mota babu. A kai wa mai zane aiki a ce "ai kai namu ne". Masu tura waƙa cikin salula suna karɓar kuɗi a kan muryar wani, shi ko bai ga ko tamma ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, ba su ce yabo ya isa ba. Wanda ya yi maka aiki, godiyarsa ta farko ita ce ka biya shi.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Mawaƙi, in ka fitar da waƙa, ka faɗi wanda ya yi kiɗa, da 'yan amshi, da wanda ya haɗa sauti. In karin wani tsoho ka ɗauka ka sabunta, ka je ka nemi izini, ka faɗa a fili. In za ka yi rajistar aikinka a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha, kada ka rubuta sunanka kai kaɗai alhali ku huɗu kuka yi. Kafin ka canza salula, ka sallami yaranka. Ranar Salla ka taka ka gaida maigidanka, ko da goro ne da turmin atamfa na iyali. Masu gabatar da shiri a rediyo, ku ma ku riƙa tambayar baƙinku: wa ya koya maka? Ku ba shi lokaci ya amsa.

Shi wancan yaro na biki, ban yanke masa hukunci ba, ƙila ba wanda ya taɓa nuna masa. In wannan rubutu ya kai gare shi, tsohon nan yana nan da rai, gidansa bai tashi ba. Ya je tun ana iya gaisawa.

Allah shi ba mu ikon gode wa waɗanda suka ɗora mu a hanya, shi jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.