Al'adar Ɗure: Ina Hikimarta?

A wuyan ɗan Adam hanyoyi biyu ne ke maƙwabtaka: ta gaba tana kai iska huhu, ta baya tana kai abinci ciki. Duk sa'ad da mutum zai haɗiye loma, numfashi yakan tsaya, wani ɗan murfi ya rufe bakin hanyar iska. Idan abinci ya kuskure ya faɗa can, sai a ce mutum ya ƙware. Ashe magabata da suka hana surutu a bakin akushi sun yi hangen nesa.

To, amma ina hikimar ɗure? Uwa takan kwantar da yaro bisa cinya, ta toshe masa hanci, ta kwarara masa kunu yana kuka. Tilas ya ja iska ta baki, kunun kuwa ya bi ta. In ya toshe hanyar, ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. In ya gangara huhu, ya haddasa namoniya.

A ganina, aikin manazarcin al'ada bai tsaya ga yabo ba. Wajibinmu ne mu faɗa wa iyaye su zaunar da yaro, su ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Ƙin cin yini guda bai kai asarar rai ba.