Sharhi: Mai Ƙaiƙayi Ya Fara Binciken Gidansa Kafin Ya Nufi Kemis

 

Allah ya yi yankinmu na Nguru da Gashuwa matattarar tsuntsaye. Tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, kuma duk lokacin sanyi dubban tsuntsaye kan taso daga Turai su sauka a Dagona, inda Yarima Philip na Ingila ya zo kallonsu a 1989. Waɗannan baƙi ne, in zafi ya shigo su koma inda suka fito. Maganarmu ta yau a kan 'yan gida take, wato tantabarun samari, da kaji da zabi da agwagin iyayenmu mata, da aku ko kanarin da ake ratayewa a keji. Kiwonsu rufin asiri ne, babu mai cewa a daina. Sai dai a gidaje da yawa mutum da tsuntsu sun kusanci juna har abin ya fara taɓa lafiyar fata.

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Yaro ya kwana yana susa, a wayi gari jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Wannan ya ce zafi ne, wancan ya ce jininsa ne ya yi bori, wata ta ce maiƙo ya yi masa yawa. A aika kemis a sayo man shafawa, abin ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa. Ba a cika tsayawa a tambayi abin da ke tayar da shi ba.

Likitoci sun bayyana cewa borin jini kuskure ne na garkuwar jiki. Takan ɗauki abin da ba ya cutarwa a matsayin abokin gaba, sai ta saki wani sinadari mai suna histamin, wanda ke kawo ƙaiƙayi da kumburi da jan fata. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma yakan bi dangi, musamman gidan da ake da asma ko yawan atishawa. Duk da haka, 'yan'uwa biyu za su shiga ɗakin tantabaru tare, ɗaya ya fito lafiya lau, ɗayan ya fito yana susa idanunsa na hawaye.

Duk wanda ya taɓa riƙe tantabara ya san farin garin nan da ke manne wa hannu. Wannan gari, da busasshen kashin tsuntsu da ke tashi in ana shara, su ke tayar wa wasu da bori. Abin kuma ba ya tsayawa a fata. A 1965 likitoci a Amurka suka bayyana ciwon huhun masu kiwon tantabara. Awa huɗu zuwa takwas bayan an share ɗakin tsuntsaye sai zazzaɓi da tari da ƙarancin numfashi su taso. A nan wajenmu da wuya a ƙi cewa maleriya ce. In aka yi shekaru ana shaƙar ƙurar, huhu kan yi tabon da ba ya gogewa.

Sau da yawa kuma laifin na ƙumar da ke bin tsuntsun ne. Akwai wata jar ƙuma da girmanta bai wuce milimita guda ba. Da rana takan ɓuya a tsagar bango da akurki da sheƙa, da dare ta fito shan jini. Cikin mako guda ƙwanta kan zama babbar ƙuma, kuma tana iya yin watanni ba ta ci komai ba. Saboda haka wanda ya fusata ya kwashe tantabarunsa ya kai kasuwa, ya bar ɗakinsu yadda yake, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba, domin ƙumar da ta rasa tsuntsu kan mutanen gida take komawa. Haka ma in 'ya'yan tsuntsun da suka yi sheƙa a silin suka tashi.

Gidan da babu ko kaza ma bai tsira ba. A 1964 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan suka gano cewa wasu ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin katifa da filo da kafet, su ne babban dalilin da ƙurar ɗaki ke tayar da bori. Laima suke so, don haka da damina, musamman a unguwannin da ke bakin fadama, sun fi yawa. Kashin kyankyaso da gashin kyanwa su ma suna cikin lissafi. In hunturu ya kama kuwa, fata ce ke bushewa ta yi kaushi ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabulu mai kaifi, da wanka da ruwa mai zafi ƙwarai, da dirzar jiki da soso, da omon da ba a ɗauraye shi sosai daga tufafi ba, duk suna ƙara buɗe wannan ƙofa.

Sai kayan kwalliya. Jan lallen gargajiya da wuya ya cutar da fata. Amma baƙin lalle da ake haɗawa da dayis yana ɗauke da sinadarin rinin gashi da ake kira PPD. Bayan kwana biyu ko fiye, sai a ga zanen da aka yi wa amarya ya kumbura, ya yi ruwa, daidai yadda aka zana shi. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, da wuya ya sake karɓarsa har ƙarshen rayuwarta. Ƙarfen nikel da ke cikin ɗan kunne da sarƙa masu araha shi ma yakan sa kunne da wuya su yi ƙuraje, haka humra da turare ga wasu matan in sun taɓa fata kai tsaye.

Wajibi ne kuma a bambance bori da ƙazwa. In mutanen gida da yawa suna susa, abin ya fi tsanani da dare, ƙurajen suna tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, to a zargi ƙazwa. Ita ana ɗauka, kuma sai an yi wa kowa a gidan magani lokaci guda. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Abin da ya fi damun wannan sharhi shi ne maganin kai-da-kai. Yawancin man shafawar da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take yana ɗauke da sitiroyid. In aka daɗe ana shafa shi, fata kan yi laushi fiye da kima, ta yi nankarwa, makero kuma ya ƙara yaɗuwa. Wasu kan fesa fiya-fiya a kan katifa da jikin kaji, alhali guba ce mai kisa. Wasu kan shafa man bilicin don ɓoye tabo, ga shi wasu daga cikin irin waɗannan mayuka na ɗauke da makuri mai lalata ƙoda. A yankin da ciwon ƙoda ya riga ya addabi jama'a kamar Gashuwa, babu hikima a ƙara wa ƙoda wani nauyi.

Gyaran ba mai tsada ba ne. A raba ɗakin kwana da ɗakin tsuntsaye, a ja akurki nesa da taga. Mai shara ya yayyafa ruwa tukuna, ya rufe hanci da baki, in ya gama ya wanke hannu ya sauya riga. A ƙone tsohuwar sheƙa, a wanke akurki da tafasasshen ruwa, a liƙe tsagar bango, maganin ƙuma kuma a karɓe shi daga hannun malaman dabbobi. A riƙa shanya katifa da filo, rana dai ba mu rasa ta ba. Bayan wanka a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki bai gama bushewa ba. Mai ƙaiƙayi ya lura: shin abin yana sauƙi in ya yi tafiya, ya dawo in ya koma gida? Ya janye abu guda da yake zargi na mako biyu ko uku, ya ga ko za a sami canji. Wannan bayani shi likita ya fi buƙata.

In kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, babu jira. A garzaya Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko babban asibitin Gashuwa, ko asibiti mafi kusa, domin irin wannan bori kan yi kisa cikin ɗan lokaci.

Muna kira ga masu kemis su ji tsoron Allah, su daina miƙa man sitiroyid ga duk wanda ya ce jikinsa na ƙaiƙayi. Ma'aikatan duba-gari da malaman dabbobi su shiga unguwanni su wayar da kan masu kiwo. Ku kuma iyaye, in yaro ya yi mako biyu yana susa, a duba makwancinsa da abin da ke kwana kusa da shi, sannan a kai shi asibiti. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.