BA LIKITA KAƊAI KE AIKI A ASIBITI BA

Ranar Asabar ɗin nan na leƙa gidan yayata, na tarar da gidan tsit kamar an yi rasuwa. Ashe ɗanta ne ya sake rasa gurbin karatun likita, karo na uku ke nan a jere. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. WAEC ɗinsa ta yi kyau, makinsa na JAMB ma ba laifi, layin masu neman likitancin ne kawai ya fi ƙarfinsa. Shekara uku yana zaune. Sa'anninsa suna aji uku a jami'a, shi kuwa ya koma ɗan aiken gida, ya sayo gas, ya kai ƙanne Islamiyya, ya dawo ya kwanta da waya.

Na ja shi waje muka zauna a kan benci. Na ce, "Wai kai, in aka cire likita, su wa ka sani suna aiki a asibiti?" Ya ce, "Nas, Kawu." Na ce sai kuma wa? Ya yi ɗan tunani ya ce, "Masu ba da magani." Shi ke nan, lissafinsa ya ƙare. Yaron da ya ba da shekara uku na rayuwarsa don ya shiga asibiti, mutum uku kacal ya sani a cikinsa.

Sai na ce to mu bi ɗan acaɓan da ya faɗi ya karye a ƙafa. Mai kati ne zai fara karɓarsa, kuma adana bayanan marasa lafiya kwas ne da ake karantawa. Daga nan ɗakin hoto, inda za a ga yadda ƙashin ya karye. Sai ɗakin gwaji, a ɗebi jininsa. In za a shiga tiyata akwai mai sa shi barci, akwai nas ɗin da ba ta da aiki sai ɗakin tiyata. Akwai mai harhaɗa magani. In an cire filasta, 'yan gashin ƙashi ne za su sake koya masa taka ƙafar. In na'urar hoton ta lalace, akwai injiniyan da ya karanci gyaran kayan asibiti. Ban ma zo kan mai gwajin ido ba, da mai haɗa haƙoran roba, da unguwarzoma, da duba-gari, da ma'aikacin lafiya na karkara da ke riƙe da asibitin ƙauye shi kaɗai. Da yawa daga cikin kwasa-kwasan nan, darussa huɗun da yake ta zanawa su ake nema: Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji. Wato tun shekarar farko ƙofofin suna gabansa, ba wanda ya nuna masa.

Wallahi kallona kawai yake yi.

Laifin ba nasa ba ne, namu ne. Tambayar da muke yi wa yara ita ce "me kake so ka zama?" Tambaya ce mai neman amsa guda, yaro kuma zai ba ka sunan da ya ji manya na faɗa da girmamawa: likita, lauya, injiniya, soja, matuƙin jirgi. Abin da nake ganin ya fi shi ne a nuna wa yaro sana'o'i dangi-dangi. Ga dangin lafiya, ga na gini, ga na noma da abinci, ga na kuɗi da kasuwanci, ga na sufuri, ga na kwamfuta da sadarwa, ga na koyarwa, ga na shari'a da tsaro. A kowane dangi a nuna masa 'yan gidan duka, daga mai satifiket zuwa mai difloma zuwa mai digiri, da darussan da ake buƙata kafin a shiga. Yaro ya fara zaɓar gida, ɗaki ya biyo baya. In ƙofar ɗaki ɗaya ta ƙi buɗuwa, bai bar gidan ba.

A Amurka haka makarantun sakandare da yawa ke yi. Sun daɗe suna aiki da rukuni 16, a 2024 suka sake tsara su suka koma 14. Amma ni ba sai na je Amurka ba. Ku dubi auduga a ƙasar Hausa: manomi ya noma, a gurza, a shiɓe, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga, maɗinki ya ɗinka, dillali ya kai kasuwa. Ko fata: mahauci ya feɗe, majemi ya jeme, baduku ya yi takalmi da jaka da linzami. Har yau a cikin birnin Kano akwai unguwannin da sunansu na sana'a ne, irin su Dukawa da Soron Ɗinki, ga kuma karofin Ƙofar Mata. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri, kafin ya kai shekara goma ya ga sana'a bakwai masu cin abinci daga abu guda. In hannunsa bai faɗa a saƙa ba, ya gwada rini. Aibin wancan tsarin shi ne gado ke zaɓar maka, ɗan mahauci sai fawa ko yana so ko ba ya so. Boko ta zo ta cire mana wannan tilas ɗin, alhamdu lillahi, amma ta tafi har da ganin da yaro ke yi wa sana'o'i da idonsa. Yanzu yaro daga aji sai gida, bai san ko me babansa ke yi a ofis ba.

Ni kaina abin ya ci ni. Ina sakandare ba abin da nake so kamar gini, in na ga ana zuba dakin sai in tsaya kallo har in makara. A kaina, mai son gini injiniya zai zama, ba wata hanya. Fiziks ta kayar da ni, na haƙura, na karɓi kwas ɗin da aka ba ni. Sai da na kama aikin gwamnati, fayil ɗin kwangila suka fara biyowa ta teburina, sannan na san akwai mutumin da aikinsa shi ne ƙididdige buhun siminti nawa da rodi nawa gini zai ci, kuma ba a biyan ɗan kwangila sai ya tantance aikin. Na san akwai safiyo, da mai tsara gari, da mai ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Ina da shekara kusan talatin na fara jin sunan wasunsu. Ba na raina abin da Allah Ya ba ni, da shi nake ciyar da iyali. Amma da wani malami ya ɗauki minti arba'in ya zana mana dangin gini a allo, da ko ban samu ba na san na nema.

Kuma inda ɓarnar take faruwa ba a JAMB ba ne. A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare ne, lokacin da ake raba yara ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. Yaro ɗan shekara 14 ko 15. A makarantu da yawa maki ne ke raba su: masu ƙoƙari a tura su sayans, sauran a watsa su inda aka samu kujera. Ba wanda ke gaya wa yarinya cewa ranar da ta ajiye kemistiri ta rufe wa kanta kusan duk dangin lafiya, ko a gaya wa yaro cewa sakaci da lissafi zai bi shi har aikin akanta da kwamfuta. Sai an zo cike fom a shagon intanet, mai shagon ya zama shi ne mai ba da shawara: "Sa masa kaza, an fi samu." Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malamin ba da shawara a makarantu. A takarda yana nan. A zahiri, inda ma aka naɗa shi, za ka tarar an haɗa masa da koyar da aji shida da kula da masu makara.

A 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabuwar manhaja, ta rage darussan sana'a zuwa shida: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Na ji mutane na ta gardama a kan ina kayan aiki, ina malamai, kuma suna da gaskiya. Ni damuwata daban ce. In aka koyar da kiwo a matsayin "ga yadda ake ba kaza dusa" kawai, yaro mai buri zai raina shi, iyayensa ma su raina. Amma in aka nuna masa cewa bayan kejin nan akwai likitan dabbobi, da mai haɗa abincin kaji, da mai sarrafa madara, da mai duba lafiyar nama a kwata, da mai fitar da fata waje, darasin ya zama ƙofar gida guda. Haka sola: daga mai hawa rufi ya ɗaura faranti har injiniyan lantarki, 'yan gida ɗaya ne.

Na san abin da wasu za su ce, don yayata ma ta faɗa mini a fuska: "Kai dai so kake ka karya masa gwiwa, 'ya'yan wasu suna zama likitoci." Ban ce kada yaro ya nemi likitanci ba. Ya nema da duk ƙarfinsa. Amma kowace jami'a akwai adadin ɗaliban likita da hukumar likitoci ta yarda ta ɗauka, ba ta isa ta wuce shi ba ko da duk masu nema sun ci maki 300. Wanda ya san haka ya tura ɗansa da zaɓi ɗaya tak, caca yake yi da shekarun yaron.

Maganar da ta fi wannan nauyi ita ce, 'yan gida ɗaya ba daidai suke ba. Ba zan yi wa yaro ƙarya ba. Tsarin albashin likitoci daban, na sauran ma'aikatan lafiya daban, kuma rigimar da ke tsakaninsu ta sha rufe asibitoci da yajin aiki. Mu da ke cikin aikin gwamnati mun ga yadda mai HND ke zama yana kallon wanda ya koya wa aiki ya wuce shi saboda digiri. Duk wannan a gaya wa yaro, yana cikin bayanin dangin. A gaya masa kuma inda tsani yake, cewa mai difloma na iya shiga jami'a kai-tsaye daga aji biyu, da kuma inda tsanin ya yanke. Gara ya shiga da idonsa a buɗe.

Masu cewa "ai ko an karanta ba aiki" kuwa, ban musa ba. Sai dai ku lura, rashin aikin bai rabu daidai ba. Muna da masu digiri a gida, amma mai gini a garin nan in yana son aikin tayil ko silin mai kyau, sau da yawa sai ya nemo mutanen Togo ko Benin.

Abin nan ba ya buƙatar kwangila, shi ya sa ma wataƙila ba mai sha'awarsa. Kwali takwas ko goma a bangon aji, kowanne da dangi guda. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, maimakon taron cin abinci da rabon kalanda, ta riƙa turo mutum uku 'yan dangi ɗaya kowane zango, kuma kada a turo manya kaɗai. A haɗa likita da mai ɗaukar hoto da duba-gari a benci guda, yara su yi musu tambaya har ta albashi. A yi shi a aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba azuzuwa, a kuma gayyato iyaye, musamman mata, don a gidaje da yawa burin uwa ne yaro ke ɗauke da shi.

Ɗan yayata dai ya ce aikin hoton ya kwanta masa, yana so ya ga yadda ake yi kafin a fara sayar da fom. Uwarsa ta ce in bari ta yi shawara da babansa, kuma har na fito tana ce masa "Dakta" kamar yadda ta saba tun yana firamare. In akwai mai aikin ɗaukar hoto a asibiti cikin abokaina na nan, don Allah ya yi mini magana, ina so yaron ya wuni a wurinsa ko da rana ɗaya ce.